Bulama, Ajiye Cokalin Gishiri Ka Biyo Shanu

Bulama, bawan gidanmu na gado, ina gaisuwa. Ba sai ka durƙusa ba. Na san da wannan tumbin, in ka kai ƙasa sai an kira ƙarti biyu su ɗago ka.

Labari ya iso mini har ruga cewa an ɗaura maka abin awo a dantse ya nuna 150 bisa 95. Aka ce ka dawo wani makon, ka koma, ya ƙi sauka. Likita ya duba jini da fitsari, ya ga babu ciwon suga, ƙoda kuma lafiya lau, sai ya ba ka wata uku ka gyara cinka da zamanka kafin ya yanke shawarar ɗora ka a kan magani. Kai kuma daga asibiti ka zarce majalisa, ka karkata zanna bukar, ka shelanta cewa jinin sarakunan Borno ba ya haɗiyar ƙwaya. Tun ranar, an ce, kake tauna ɗanyar tafarnuwa har yaranka sun daina zama kusa da kai, ga wata gora mai baƙin ruwa da ka saya wurin mai lasifika a bakin kasuwa. Tsiren dare kuwa yana nan, danderun Juma'a yana nan, motar da ke kai ka masallacin bayan gidanka ma ba ta huta ba.

Tun 1808 da Gwani Muktar ya shiga Birnin Gazargamu ba a sake cin Babarbare da yaƙi cikin sauƙi irin wannan ba. Wancan karon ma kun yi sa'a Shehu Laminu ya ƙwato muku gari. Wannan karon abokin gaba yana cikin tukunyar gidanka, kuma da kuɗinka kake sayo shi.

Saurara ka ji, tun da hakkin ubangida ne ya yi wa yaronsa nasiha. Mai irin lambarka yana iya saukar da jininsa ba tare da magani ba, likitanka bai yi ƙarya ba. Sai dai hanyar ta fi shan magani wuya nesa ba kusa ba. Ƙwaya sau ɗaya ake haɗiya da safe a kama harkoki. Wannan kuwa sau uku a rana ake yinsa a gaban kwano, a sake yinsa da asuba a kan titi, a ƙarasa da dare lokacin da mai tsire ya ɗago maka hannu. Kai kana ta neman abin da za ka ƙara zuba wa cikinka, alhali mafi yawan aikin ragewa ne.

Ka san injin ban ruwa da tiyonsa a lambu. Zuciya ce injin, jijiyoyi su ne tiyo. Lambar sama ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma wanda ya rage lokacin da ta saki. In ruwan da ke cikin tiyo ya yi yawa, ko tiyon ya bushe ya ƙanƙance, injin zai riƙa wahala, tiyon kuma wata rana ya fashe a inda ya fi rauni. Wuraren raunin ɗan'adam su ne ƙwaƙwalwa, ƙoda, ido da ita kanta zuciyar. Lafiyayyen awo bai kai 120 bisa 80 ba. Wanda aka auna a ranaku biyu daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana da hawan jini, ko da kuwa yana jin zai iya kokawa da raƙumi.

Na ji kana cewa kai kana gane ranar da ya hau, wai ƙeyarka ce ke yin nauyi. Wannan nauyin hula ne, Bulama. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, sai ranar da baki ya karkace ko ɓarin jiki ya shanye, sannan a fara cewa iska ce ta buge shi ko an yi masa jifa. Rahoton hukumar na 2023 ya ce mutum biliyan 1.3 ke da cutar a duniya, ninki biyu na adadin 1990, kuma kusan rabinsu ba su san suna da ita ba. Kai da aka gaya wa, ka fi su sa'a.

Kar kuma ka fake da gado. Gado yana da hannu, amma ji wannan: a 1997 Richard Cooper na Jami'ar Loyola ta Amurka da abokan aikinsa sun wallafa awon da suka yi wa baƙar fata a nahiyoyi daban-daban. A Najeriya da Kamaru masu hawan jini kashi 16 cikin ɗari ne, a tsibiran Karibiyan kashi 26, a Amurka kashi 33. Tsatso ɗaya, amma cutar tana ƙaruwa gwargwadon ƙiba da gishirin da ke cikin abinci. Yau a Najeriya ana maganar kusan mutum ɗaya cikin manya uku. Ba mu je Amurka ba, cimarta da zamanta ne suka biyo mu har gida. Batun tunani kuwa, ba zan yi wasa da shi ba, domin na san abin da mutanen Yerwa suka gani a shekarun nan, Allah ya ƙara kiyayewa. Damuwa tana tayar da jini. Sai dai ba ka da iko da abin da duniya za ta kawo maka gobe, kana da iko da abin da za a zuba a miyar yau.

To mu zo kan gishiri, sana'ar kakanninka. Ɗaruruwan shekaru 'yan'uwanku na Bilma da Fachi suna haƙo shi suna dunƙula kantu, Buzaye suna ɗora wa ayarin raƙuma su ƙetaro Tenere. Mangawa suna dafa mangul. Daga bakin tafkin Chadi kuna loda kanwa ungurnu zuwa Kano da Nufe. Mu muna saya don shanu su lasa, ku kuna ƙirga kuɗi kuna mana dariya. Yau kaya ya dawo wa mai shi. Ka ji an ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya.

Abin da ke cikin gishiri mai yin ɓarnar shi ne sodiyam. Yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara yawan jini, ƙoda ta yi ta faman fitar da shi, da shekaru sun ja kuma ta fara gazawa. Baƙar fata da masu shekaru sun fi saurin jin tasirinsa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wato cokalin shayi guda a shafe, ba a tule ba. Wannan cokalin shi ne na karin kumallo, na rana, na dare da duk abin da ka jefa a baki a tsakani. Abin da mutanen duniya ke ci a matsakaici ya kusa giram 11. Kai kuwa, da na ga yadda kake barbaɗa yaji a kan abincin da tun a tukunya aka cika masa magi, na tabbata kana cin naka har da na maƙwabta.

Inda ake cin mutane shi ne gishirin da ba a gani. Dunƙulen magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne, farin magi ma sodiyam ne. Yajin tsire an haɗa shi da duka biyun. Kilishi, balangu, burodi, kifin gwangwani, taliyar leda da ɗan ƙunshin sinadarinta, duk suna ɗauke da rabonsu. Sai kanwarku, uwar gami, wadda ake jefawa a wake don ya yi saurin nuna, a kuka da kuɓewa don su yi yauƙi, a ɗanwake, a kunu. Ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, amma ita ma cike take da sodiyam. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da zafin wankan jego. Masana sun ci gaba da muhawara a kan dalilan wannan ciwon, amma babu mai musun abin da ke cikin kanwa.

Sa'armu ɗaya ce. Bature yawancin gishirinsa daga masana'anta yake zuwa, an riga an kulle shi a leda. Namu yawancinsa a madafa ake zubawa da hannu, don haka a madafa ake cin yaƙin. Ka je ka lallashi matarmu, ba da tsawa ba, don na san a gidan ba kai ke da magana ba. Ta daina ɗiban gishiri da tafin hannu, ta riƙa aunawa da cokali. In dunƙule shida take sa wa miya, ta koma huɗu wannan makon, uku a na gaba. Ta mayar da daddawa matsayinta, ta ƙara albasa, citta, masoro, kimba, kanumfari, lemon tsami, har da tafarnuwar nan da kake azabtar da jama'a da ita, a tukunya ta fi amfani. Wake a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba tare da kanwa ba. Yaji a daka na gida, ƙuli-ƙuli da barkono da citta, a bar magi a waje. Makon farko za ka yi mita ka ce abinci lami ne. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ka koma jin abincin biki ya yi maka gishiri. Wannan kaɗai yana iya sauke wa mai hawan jini kimanin maki 5 daga lambar sama, kuma duk gidan za su amfana, har yaran da ba su san ana yi ba.

Yanzu ga wurin da zan so a ce ina gabanka in ga fuskarka. A 1997 an wallafa wani gwaji a Amurka da ake kira DASH. Mutum 459 aka ciyar na mako 8. Waɗanda aka ba abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da hatsi da ba a cire dusarsa ba, da madarar da aka rage wa mai, tare da rage jan nama da kayan zaƙi, masu hawan jini a cikinsu lambar sama ta sauka da maki 11, ta ƙasa da maki 5 da rabi. Ƙwaya guda ma abin da take yi ke nan. Ka lura da madarar da aka rage wa mai. Shekara nawa Barebari suna yi wa matanmu sharri wai sun kaɗe nono sun kwashe man sannan su sayar muku da tsala? Ashe jinya suke muku ba ku sani ba. Ka nemi gafarar 'yar Fulanin da ke kawo nono unguwarku, ka saya, ka dama da furar gero, ka bar sukari a gwangwaninsa. Na san za ka ce to man shanun fa. Shi ma a yi masa ɗiban magani, cokali kaɗan, ba a yi wa tuwo wanka da shi ba.

Sirrin wannan cimar yawancinsa fotasiyam ne, wanda ke taimakon ƙoda ta fitar da sodiyam, ya kuma sassauta jijiya. Ba sai ka je kantin 'yan gayu ba. Wake, zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuka, kuɓewa, tumatir, dankalin Hausa, kankana, gwanda, goba, ayaba da gyaɗa marar gishiri duk suna Kasuwar Monday. Kifin Baga ya fi maka kitsen rago. Burabisko na gero ya fi farar shinkafa da burodi. Rabin kwano ya zama ganye, danderu ya koma na ranar sallah da saukar baƙo. A ƙasar Sin an yi gwaji a ƙauyuka 600 da mutum kusan 21,000, aka musanya musu gishiri da wanda kashi ɗaya cikin huɗunsa fotasiyam ne, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Irin wannan gishirin haɗari ne ga mai ciwon ƙoda, don haka ko ka gan shi a kanti, sai da iznin likita.

Zoɓo kuma, tun da na san za ka tambaya, yana da ɗan abin kirki. A wani ƙaramin gwaji na Jami'ar Tufts da aka buga a 2010, mutum 65 ne, masu shan kofi uku a rana na mako 6 lambarsu ta sama ta ragu da kimanin maki 7. Wancan zoɓon tsagwaronsa ne. Naka da ake zuba wa gwangwanin sukari da kayan ƙamshin leda, ƙiba kawai zai ƙara maka.

Sai batun tumbi. A ƙiyasin likitoci, duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya zubar yana tafiya da kusan maki ɗaya. Ba sai ka sayi sikeli ba. Yanko igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cibiya. In bakinta bai haɗu ba, akwai aiki. A wurinka ina jin sai an ƙulla da igiyar guga. Babbar riga tana rufa asiri a gaban jama'a, amma ba ta rufa shi a gaban abin awo.

Maganin tumbi kuwa mu muka gaje shi. Bafulatani yana bin shanu daga hantsi zuwa faɗuwar rana, kuna kiransa siriri kuna cewa rowa ce ta hana shi ci. Yau likitocin duniya sun taru sun rubuta abin da muke yi tun kaka da kakanni: tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar, wadda ke iya rage maki 5 zuwa 8 ga mai hawan jini. Ba irin tafiyarku ta ƙasaita ba, ana jan riga ana tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba. Ranar Yerwa a watan Afrilu tana wuce digiri 40, saboda haka bayan sallar asuba ne lokacinka, ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu. Ka fara da minti goma, ka riƙa ƙarawa. Mai Idris Alauma a kan doki ya zagaye ƙasar Borno da yaƙi, ya je Makka ya dawo. Jikansa ba zai gagara zagaya unguwa da ƙafa ba.

Sauran in taƙaita maka. Goro da shayi mai kauri suna ɗaga jini na ɗan lokaci, ka rage, kar ka wuni da ɓari a kunci. Lemon kwalba da abubuwan shan nan masu sa kuzari ka bar wa samari, su ma ba alheri suke musu ba. Taba da shisha suna lalata jijiya kai tsaye, babu batun ragewa, bari ake yi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da kuke saya a kemis duk yamma, suna tayar da jini suna kuma cin ƙoda. Barci ya kai awa bakwai, hirar majalisa ta tashi da wuri, siyasar Abuja ba za ta gyaru da ihunka ba. Minsharin nan naka kuma da ake ji daga zaure, in matarmu ta lura numfashinka yana ɗaukewa a cikinsa, ka gaya wa likita, domin yana cikin abubuwan da ke hana jini sauka.

Alƙalin duk wannan shi ne abin awo. Ka sayi na dantse, mai faɗin da ya dace da hannunka. Kafin awo kar ka ci goro ko ka sha shayi na rabin sa'a, ka kama ruwa, ka zauna minti biyar bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ka yi shiru, na san nan ne za ka fi shan wuya. Ka auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, ka rubuta a littafi ka kai wa likita.

Nan kuma zan ajiye wasa. Wata ukun da aka ba ka naka ne kai kaɗai, kar ka raba shi a majalisa. Wanda lambarsa ta kai 160 bisa 100, ko mai ciwon suga, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, magani yake buƙata tun yanzu, gyaran ci da tafiya su biyo baya su taimaka. Mai ciki kuma asibiti ne nata ba tare da jinkiri ba. Wanda ke kan magani kar ya daina don ya ga lamba ta yi kyau, maganin ne ya kyautata ta. In awo ya kai 180 bisa 120, musamman da ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, nauyin harshe ko mutuwar hannu, a nufi asibiti a lokacin, ba a jira gari ya waye. Gorar mai lasifika kuwa ka zubar da ita, babu wanda ya san abin da ke ciki, ƙodarka ce za ta tace shi. Ka fi ni sanin yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da sassan Borno, ka san abin da wankin ƙoda ke ci wa iyali a mako. Hawan jinin da aka yi wa sakaci yana cikin manyan hanyoyin da ke kai mutum wannan layin. In wata uku sun cika ka yi iya yinka lamba ba ta sauka ba, ka karɓi ƙwayar ka yi bisimilla. Ba ragwanci ba ne, kuma wahalar da ka sha ba ta tafi a banza ba, domin ita za ta sa ƙwaya ɗaya ta ishe ka maimakon uku.

Ga sharaɗina a gaban masu karatu. In littafin awonka ya nuna ka sauko ƙasa da 140 bisa 90, kuma likita ya sa hannu, zan ba ka saniya. Ka san Bafulatani ba ya kyautar saniya, don haka aro ne, ka zo ka dube ta ka shafa bayanta ka koma. In kuwa ka gaza, sanda da malafa suna jiranka, kiwon damina guda zai yi maka abin da tafarnuwa ta kasa. Filin nan a buɗe yake ka mayar da martani, ka zage ni son ranka yadda kuka saba. Amma edita ya yi mini alkawari ba zai buga ba sai ka haɗo da lambobin awonka na mako biyu.